Hamilton a Disney+: Sharhina Bayan Kallo Uku

'Yar yayata ce ta matsa mini. Tun da na zo Ingila karatu nake zuwa gidansu hutun ƙarshen mako, kuma duk zuwa sai na tarar da ita tana zuba Turanci cikin waƙa kamar an buɗe famfo. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Kawu, Hamilton ne fa. Wai ba ka taɓa gani ba?" Na ce mata wasan da za a shafe awa biyu da rabi ana waƙa babu zance, ba da ni ba. Finafinan Indiya ma da muka tashi da su akan huta da waƙar a yi magana. Ba ta yi musu ba, ta kunna Disney+ ta miƙo mini rimot. Ga shi yanzu ina rubutu bayan kallo na uku.

Wasan daɓe ne aka ɗauka da kyamara. An ɗauke shi a watan Yunin 2016 a gidan wasa na Richard Rodgers da ke Broadway a New York, da 'yan wasan farko, aka sake shi ranar 3 ga Yulin 2020 ana tsakiyar kullen korona. Tsawonsa minti 160 ne. Labarin Alexander Hamilton ne, marayan da aka haifa a tsibirin Nevis, ya zo New York ba shi da kowa, ya zama na hannun daman George Washington a yaƙin neman 'yanci, sannan sakataren baitulmalin Amurka na farko. Hotonsa ne a kan takardar dala 10. Mataimakin shugaban ƙasa Aaron Burr ne ya harbe shi a fito-na-fito da bindiga a Yulin 1804. Da na ga shekarar sai da na dakatar da kallon na ɗan lissafa: shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu ke nan, makonni kaɗan bayan Tabkin Kwatto.

Shawarata ta farko, ku kunna rubutun ƙasa. Kallona na farko na yi taurin kai na ƙi, na kuwa sha wuya. Wasan yana da kalmomi sama da 20,000, mafi yawa gambara ce, kuma akwai inda Daveed Diggs yake jero kalmomi 19 cikin kusan daƙiƙa 3, da lafazin Bafaranshe kuma. Kunnen da bai saba ba sai dai ya bi kiɗa.

Lin-Manuel Miranda shi ya rubuta labari da baituka da karin waƙa duka, kuma shi ya fito a Hamilton. Ɗan New York ne, asalin gidansu Puerto Rico. Littafin tarihin da Ron Chernow ya wallafa a 2004 ya ɗauka zai tafi hutu, daga nan abin ya shige shi. A 2009 ya rera waƙar buɗewa a Fadar White House gaban Obama, mutane suna dariya da ya ce gambara zai yi kan sakataren baitulmali. Sai 2015 wasan ya hau dandamali. Waƙar "My Shot" kaɗai shekara guda ya yi yana sassaƙarta, kuma in ka saurare ta da rubutu a gabanka za ka ga inda shekarar ta tafi: amsa-amon bai tsaya a ƙarshen ɗango ba, yana ciki, yana tsakiya, wani yana hawa kan wani.

Amma abin da ya sa na sallama wa mutumin nan daban ne. Muryarsa ce mafi rauni a cikin manyan 'yan wasan, tana rawa in ya ja ta, kuma da alama ya san haka. Maimakon ya tara wa kansa, sai ya ɗebi waƙoƙin da suka fi daɗi ya miƙa wa wasu. Mu da muka saba ganin mawaƙi a gaba, 'yan amshi a baya suna jiran ya ajiye su ɗauka, wannan abin lura ne. Wanda ya fi kowa samun rabo shi ne Leslie Odom Jr., wato Burr, wanda zai kashe shi. Shi ne mai ba da labari tun daga farko, kuma a waƙar farko yake faɗa maka shi ya yi harbin. "Wait for It" tasa ce: mutumin da ya rasa uwa da uba yana jariri, ya ɗauki haƙuri sana'a, yana kallon wani baƙo mara kunya yana wuce shi. Odom yana fara ta ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kansa, kyamara ta matso har kana ganin murmushin da bai kai ido ba. "The Room Where It Happens" ma tasa ce, kan cinikin da aka ƙulla a 1790 a ɗaki a rufe, inda aka ba 'yan Kudu babban birni a bakin kogin Potomac, Hamilton ya samu gwamnatin tarayya ta ɗauki bashin jihohi. A nan haƙurin Burr ya ƙare. A bikin Tony na 2016, wato bikin kyaututtukan wasannin Broadway, inda wasan ya lashe kyaututtuka 11 cikin 16 da aka sa shi takara, Odom ne ya kayar da Miranda a gwarzon ɗan wasa, da waƙoƙin da Miranda ya rubuta masa. Ni dai na ga an yi adalci.

Matan kuwa, Renée Elise Goldsberry, wato Angelica, yayar matar Hamilton, ta kusa sa ni miƙewa tsaye a falon mutane. A "Satisfied" an fara da bikin auren ƙanwarta, tana ɗaga kofi tana sa albarka, sai komai ya koma baya. Dandamalin yana da faifai mai juyawa, 'yan rawa suna warware takun da suka yi a waƙar da ta gabata, aka mayar da mu daren da ita ce ta fara ganin Hamilton, ta so shi, ta bar wa ƙanwa. Tarihi bai yarda da wannan ba, domin Angelica tana da aure tun kafin su haɗu. Na sani, ban kuma damu ba. Phillipa Soo, wato Eliza matar Hamilton, ba ta da hayaniya, shi ya sa a kallon farko na raina ta. A na biyu ne na gane ita ke riƙe da wasan. Bayan mijin ya tona asirin kansa a ƙasida a 1797, ta zauna ita kaɗai tana ƙona wasiƙunsa da wuta ta gaske a bokiti. Eliza ta gaskiya ta yi shekara 50 bayansa, ta rasu a 1854 tana da 97, tana cikin matan da suka kafa gidan marayu mai zaman kansa na farko a New York. Da ita aka rufe wasan.

Jonathan Groff, Sarki George na Ingila, fitowarsa gajera ce amma ya sace dariya, har da yawun da kyamara ba ta rufa masa asiri ba. Okieriete Onaodowan, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fito a Hercules Mulligan da ƙaraji, ya dawo a James Madison yana tari a hankici, ban ma gane mutum ɗaya ba ne sai da aka faɗa mini.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. Baƙaƙen fata ne suka fito a Washington da Jefferson, waɗanda dukansu sun mallaki ɗaruruwan bayi, kuma Diggs ya sa Jefferson ya zama abin so har kana mantawa. An taɓo bautar a zambon da ake yi a zaman majalisar ministoci, aka wuce da sauri. Gidan surukan Hamilton ma suna da bayi, wasan bai ce uffan ba. Sannan yawan matso da kyamara kan fuskoki yana cinye rawar da Andy Blankenbuehler ya tsara. Sau da yawa na so in ga dandamalin gaba ɗaya aka hana ni. Masu ƙananan yara kuma su sani, akwai waƙar da ke nuna cin amanar aure ƙarara a kashi na biyu, da ashar nan da can. Yayata tsallake wurin take yi in ƙananan suna falo.

Yanzu kundin waƙoƙin 46 yana wayata, da shi nake hawa bas zuwa makaranta. "It's Quiet Uptown", wadda ake rerawa bayan an kashe Philip, ɗan Hamilton da Eliza, na daina saurarenta a cikin mutane. Har yanzu ana yin wasan a Victoria Palace da ke Landan, na kuma yi wa 'yar yayata alkawarin tikiti in ta gama jarrabawa. Ta ce, "To Kawu, amma a can babu rubutun ƙasa fa."