Jatan lande da kifin ƙasan tanki: sharhina kan saitin da na saya a Kaduna

Ga mai tambayar ko jatan lande na ruwan daɗi za su zauna tanki ɗaya da kifayen da ke kiwo a ƙasa, amsata ita ce za su zauna, nawa ma har hayayyafa suke yi. Sai dai ba da kowane kifi ba, ba kuma da kayan shago yadda aka haɗo su ba. Saitin na saye shi ne a wani shagon kifin ado da ke Barnawa: tankin gilashi mai cin lita 60, matatar ruwa, fitila, yashi, jajayen jatan lande da ake kira ceri, da ƙananan kifayen koridoras guda shida. Tankin ya ga hunturu a falona, ya ga bazara, ga shi yanzu cikin damina, don haka ina da abin faɗa.

Kifayen su ne suka fi burge ni. Irin koridoras ɗin da na samu shi ne ɗan ƙaramin, wanda asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, kuma ko ya gama girma da kyar yake kai santimita 3. Bakinsa ƙarami ne, yana kallon ƙasa, aikinsa tonon yashi da gashin bakinsa. Sau da yawa nakan ga jatan lande da kifi a kan ƙwayar abinci ɗaya, ba mai korar wani. Ba zan ce ba sa taɓa haɗiye jaririn da aka ƙyanƙyashe yanzu ba, domin jaririn ceri bai wuce tsawon milimita 2 ba, amma inda akwai gansakuka mai kauri da za su ɓuya, masu tsira sun fi yawa nesa ba kusa ba. Macen ceri takan ɗauki ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta na kusan wata guda, tana yi musu fifita da ƙafafunta. Wallahi ranar da yarana suka fara hango ƙwan, babu wanda ya tuna da talabijin a gidan.

Kifaye shida ɗin nan ba son kuɗin mai shago ba ne. Koridoras kifin garke ne, idan biyu ne ko uku sai su takura su laɓe. Yashin da aka ba ni ma ya dace, mai laushi ne. Tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki.

Abu na biyu da zan yaba shi ne haƙurin mai shagon. Na ce ba zan zuba dabbobin a sabon ruwa ba, sai ya ce, "Ba komai Alhaji, ka tafi da tankin, in ya nuna ka dawo ka ɗauki kayanka." Ya riƙe mini su bai ƙara ko sisi ba. Dalilin jiran kuwa shi ne kashin kifi yana zama amoniya, guba ce, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a cikin matata kafin su riƙa sauya ta zuwa abin da ba ya kisa. Wannan kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Kifi zai iya jure ɗan kuskure a nan, jatan lande ba ya jurewa.

Inda saitin ya gaza wuri biyu ne, kuma ba ƙananan wurare ba. Matatar da aka haɗo mai inji ce, tana zuƙar ruwa ta bututu, ramukan bututun kuwa sun isa su janye jarirai gaba ɗaya. Na cire ta na sa matatar soso mai aiki da famfon iska, wadda ta fi araha, jatan landen ma kiwo suke yi a jikin soson. Na biyu ya fi ɓata mini rai: an saka kwalbar maganin ƙurajen kifi a cikin kwalin, da na karanta jikinta sai ga sinadarin tagulla. Tagulla tana kashe jatan lande ko da kaɗan ce. Wanda ya sayar maka da jatan lande bai kamata ya haɗa maka da wannan kwalbar ba tare da gargaɗi ba. Mai shagon ya kuma so ya ba ni gyaran ɗan fleko, kifin nan mai lasar gilashi. Na gode masa na bar shi, domin irin wanda aka fi sayarwa yakan wuce santimita 30, lita 60 ba za ta ɗauke shi ba. Mai son mai cin gansakukar da ke manne wa gilashi ya nemi ƙaramin kifin da ake kira otosinkulus, shi ne mafi aminci ga jarirai.

Wani maƙwabcina ya ce me zai hana in sa 'ya'yan tarwaɗa ko ƙurungu daga Kogin Kaduna, tunda su ma kifin ƙasa ne kuma ga su a banza. Wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa ya san amsar. Duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, haɗa ta da ceri tamkar ba kura ajiyar nama ne.

Amma gaskiyar magana, a garin nan ba kifi ne babban abokin gaban jatan lande ba. Zafi ne, da ɗauke wuta, da maganin sauro. Ceri sun fi sakewa tsakanin digiri 20 zuwa 27. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin waje ke haura 35, ma'aunin tankina ya taɓa 30 da rana. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, in kuma aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, matsala ta zama biyu. Koridoras suna da dabarar da za ta sanar da kai: suna iya haɗiyar iska daga saman ruwa, jefi-jefi ba komai ba ne, amma in ka ga suna ta zarya sama da ƙasa, to iska ta yi ƙaranci. Abin da ya cece ni shi ne famfon iska mai batir da ƙaramar fanka mai caji da na saita tana hura saman ruwan, tana sauke zafin da digiri biyu ko uku. Babu ɗayansu a cikin saitin, alhali ga mazaunin Kaduna sun fi fitilar muhimmanci. Hita mai ɗumama ruwa kuwa ban buƙace ta ba, ko da sanyin Janairu, tunda tankin yana cikin ɗaki.

Maganin sauro shi ne wanda nake roƙon kowa ya ɗauka da gaske. Na fesawa da na kunnawa, yawancinsu an yi su ne don kashe ƙwari, jatan lande kuwa dangin ƙwari ne ta fuskar halitta, abin da ya sauka a ruwan zai gama da su kafin gari ya waye alhali kifayen na iya tsira. A gidana an daina feshi a falo, gidan sauro muka koma a ɗakunan kwana. Da damina wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, kuma maiɗakina ta cancanci godiya a kai.

Batun ruwa da abinci ba wuya. Ruwan famfo yana da kulorin, sai an sa maganin cire shi. Ni da na burtsatse nake amfani, ina canza kamar kashi ɗaya cikin biyar duk mako, a hankali, don sauyin gaggawa yana sa jatan lande su saɓa ba shiri su mutu. Fatar saɓar a bar ta a ciki, suna cinyewa. Kada a yarda da cewa koridoras ragowar abinci kawai suke ci. Ina jefa musu ƙwaya mai nitsewa bayan magariba, jatan lande kuma ɗan ganyen alayyafo da aka tsoma a tafasasshen ruwa, in cire abin da ya rage da safe.

Dabbobin daga Legas ake kawo su a mota, a cikin leda, don haka sukan iso a galabaice, launinsu ya koɗe. Na fi son mai shago ya huta da su kwana biyu kafin in karɓa, in kuma je da sassafe kafin rana ta yi. In na iso gida ba na juye su kai tsaye: ina zuba su a bokiti da ruwan ledarsu, in riƙa ɗiga ruwan tanki ta siririn tiyo har ruwan ya ninka, sannan in kwashe su da raga. Jan launin yakan dawo cikin mako guda.