Sharhi: Wuraren Kafa Tanti a Lake District, Wanda Ya Riƙe Ni da Wanda Ya Jiƙa Ni

Duk wanda zai je yankin Lake District da niyyar kwana a tanti, kafin ya biya ko sisi ya tambayi masu wurin abu biyu: idan sama ta sako ruwa, ina yake bi, kuma ina ake shanya kaya? Kyawun wuri ba abin tambaya ba ne, domin ko'ina ka waiga a wannan yanki na Cumbria, arewa maso yammacin Ingila, tsauni ne da tafki da koriyar ciyawa. Tun 1951 aka keɓe shi a matsayin gandun ƙasa, a 2017 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Amma ruwan saman da ya cika tafkunan nan shi ne zai kwana a kan tantinka. Ƙauyen Seathwaite da ke kwarin Borrowdale yana samun ruwa kusan milimita 3,500 a shekara, har ana kiransa wurin zama mafi jiƙewa a duk Ingila.

Ni da iyalina mun raba hutunmu na bazara tsakanin sansani biyu. Na farko na wani mai zaman kansa ne a bakin ɗaya daga cikin tafkunan. Hotunansa a intanet ba ƙarya suka yi ba: ka ɗaga ƙofar tanti, ga ruwa shimfiɗe, ga duwatsu a bayansa. Abin da hoton bai nuna ba shi ne filin gangara ne, kuma ƙasan gangarar suka ba mu. Manomi ya san bambancin tudu da fadama, to mu a fadama aka ajiye mu. Da ruwa ya sauko cikin dare, sai na ji ƙasan tantin yana lumewa ƙarƙashin tafin hannuna, ruwa na gudu tsakanin ciyawa da ledar da muka shimfiɗa. Kafin asuba gefen katifar yara ya sha ruwa, jakar barci ɗaya ta yi sharkaf. Da gari ya waye na je ofishinsu na tambayi inda zan busar da kaya, aka ce babu, sai dai in ɗaura igiya. Igiya a ina, alhali yayyafin bai ɗauke ba? Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin kuɗin da suke karɓa ba na wasa ba ne, kuma ruwan sama a wannan yanki ba baƙo ba ne da za a ce ya zo musu ba zato.

Ga kuma ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke tashi gungu-gungu a bakin ruwa da yamma idan iska ta kwanta. Ba su kai sauro girma ba, amma sun hana mu cin abincin dare a waje.

Daga nan muka koma sansanin Great Langdale, ɗaya daga cikin waɗanda National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi da filaye, ke kula da su. Ba a bakin tafki yake ba. Yana can ƙarshen kwari, ƙarƙashin ƙololuwan Langdale Pikes, ga Bowfell da Crinkle Crags sun tsare yamma. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ɗakin busar da kaya. Ɗaki ne mai ɗumi, cike da takalman hawan dutse da rigunan ruwa a rataye. Ka shigar da jiƙaƙƙen kayanka da daddare, ka same su da safe sun yi dama-dama. Wanda bai taɓa zura ƙafa cikin jiƙaƙƙiyar safa da sanyin safiya ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. A wurina shi ne ya ceto sauran hutun. Akwai ɗan kanti a ciki, akwai wurin wanke kwanuka, banɗakuna kuma mun same su da tsabta.

Abu na biyu, daga bakin tanti kake fara tafiyarka. Ba sai ka tayar da mota ka je neman wurin ajiye ta ba, wanda a lokacin hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, shi kansa aiki ne. Mun bi hanyar da ta haura gefen rafin Stickle Ghyll har zuwa ƙaramin tafkin Stickle Tarn, hawa ne mai sa haki amma yara sun iya. Blea Tarn ya fi sauƙi, kuma shi na fi so. A kan waɗannan duwatsu, wajen Pike of Stickle, mutanen dā suka riƙa fasa dutse suna sassaƙa gatura kimanin shekara 6,000 da suka wuce, har an tono irin gaturan a sassa masu nisa na Birtaniya. Tun da na ji wannan na daina kallon tarin tsakuwar da ke gangaren a matsayin tsakuwa kawai.

Marar mota ma zai iya zuwa. Jirgin ƙasa na kaiwa garin Windermere ta Oxenholme, bas mai lamba 555 ya kai ka Ambleside, daga nan mai lamba 516 ya shiga da kai kwarin Langdale.

Ƙasar kwarin tana da duwatsu a ƙarƙashin ciyawa, don haka a zo da turaku masu ƙwari da guduma. Siraran da ake sayarwa tare da tanti lanƙwashewa suke yi. Sabis ɗin waya ma ba abin dogaro ba ne tsakanin tsaunukan.

Rashin sabis ɗin ya shafi sallah, kuma nan ne nake so ’yan uwa su lura. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen ƙarfe goma saura na dare, ta sake fitowa kafin biyar na safe, shafaƙi kuma ba ya gama ɓacewa. A sauke jadawalin lokutan sallah a waya tun daga gida. Alƙibla tana kudu maso gabas. Tantinmu ba shi da tsawon da za a miƙe a ciki, sai muka riƙa shimfiɗa darduma a waje kan leda, babu wanda ya dame mu. A taho da buta, domin ba za a samu a banɗaki ba, kuma famfon waje ya fi sauƙin alwala, sai dai ruwansa na da sanyin da ke sa haƙori kaɗawa. Naman halal na da wuyar samu a ƙauyukan, mu daga Manchester muka yi guzuri: kilishi, dambun nama, yaji, shinkafa da taliya. Ƙaramin rishon gas ya ishe mu, tunda wurare da yawa ba sa yarda a hura wuta a ƙasa.

Wasu sansanoni biyu na ƙungiyar National Trust na leƙa su ne kawai. Low Wray yana gaɓar yamma ta Windermere, tafki mafi girma a Ingila, ya dace da mai son kwalekwale, amma a duba sanarwa kafin yara su shiga ruwa, domin da zafi wani gansakuka mai guba kan bayyana a tafkin. Wasdale kuwa na masu hawan Scafell Pike ne, tsauni mafi tsawo a Ingila mai mita 978, kusa da Wastwater mai zurfin mita 79. Wurin yana da kwarjini, amma nesa yake da kasuwa, hanyarsa siririya ce. Idan na'urar nuna hanya ta ce ka bi ta Hardknott Pass da mota cike da kaya, ka sake shawara, domin akwai inda hawan ya kai kashi 30 cikin ɗari, wato kowace mita 100 da ka yi gaba ka haura mita 30.

Masu tunanin su kafa tanti duk inda suka ga dama su sani cewa a wannan yanki doka ba ta ba da wannan dama sai da izinin mai ƙasa. Ana kau da kai ne kawai ga masu kwana ɗaya can saman duwatsu, bayan katangar dutse ta ƙarshe. Filayen ƙasa makiyaya ce ta tumakin Herdwick, masu su kuma da su suke ci da iyalansu. Duk ƙyauren da ka tarar a rufe, ka rufe shi bayan ka wuce.