Naira 380,000 na biya don in koyi tuƙin tirela, ko giya ɗaya ban saka ba

Assalamu alaikum jama'a. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko za a yi mini dariya sai na faɗa, don jiya na sake ganin tallar makarantar koyon tuƙin da ta damfare ni a Facebook da sabon suna da sabuwar lambar waya, amma hoton motar bai canza ba, ita ce dai farar tirelar nan ƙirar Howo.

Naira dubu ɗari uku da tamanin. 380,000. Dubu 150 adashin maiɗakina ne, dubu 170 kuɗin ragunan da na yi wata bakwai ina ba su dusa, dubu 60 kuma bashi na ciwo wurin yayana. Ni ɗan adaidaita sahu ne a Kano, keken ma ba nawa ba, kullum sai na kai balas kafin in san abin da zan kai gida. Wanda ya san wannan sana'ar ya san abin da 380,000 take nufi.

Kuma kada wani ya zo yana ce mini me ya sa ban bincika ba. Na bincika. Wallahi na bincika. Ban tura ko sisi ta waya ba sai da na je da ƙafata. Ofis ne sosai a wani layi da ke kan hanyar Zariya, da allon suna, da benci, da hotunan alamomin hanya a bango, da wata takarda a cikin gilashi mai tambarin hukumar kiyaye haɗurra. Akwai sakatariya mai ba da rasit. Rasit mai hatimi. Wace damfara ce ake ba ka rasit mai hatimi? Abin da na tambayi kaina ke nan a ranar.

Mutumin da kowa ke ce wa Oga dattijo ne, ya haura hamsin, da furfura a gemu. Bai yi mini romon baka ba, abin da ya ci ni ke nan. Cewa ya yi, "Ƙanena, tirela ba keke ba ce. In ba ka da haƙuri ka koma da kuɗinka." Sai ya kama hannuna muka zaga baya, wani fili kusa da garejin bakanikai, ga motar nan a tsaye. Ya zaro makulli daga aljihun gaban rigarsa ya miƙo mini ya ce, "Hau ka tayar." Na hau. Na murɗa. Injin ya ɗauka, kujera tana rawa a ƙarƙashina, ina hango rufin shaguna ta gilashi. Ya ce in dubi agogon iskar birki yadda allura ke hawa, kada in taɓa komai sai ta cika. Minti biyar ban yi a kan kujerar nan ba. A nan aka gama da ni.

Daga aljihunsa fa ya zaro makullin. Ba aika yaro ya yi ya karɓo ba, ba cewa ya yi jira in kira mai ita ba. Daga aljihunsa. Ku gaya mini wanda zai ga haka ya yi zaton motar ba tasa ba ce.

Ranar na biya dubu 10 na fom. A'a, fom ɗin tun zuwan farko na biya, ranar makulli dubu 220 na horo na tura, a wurin mai POS ɗin bakin layin, kuma asusun sunan mutum ne ba sunan makaranta ba. Na lura. Na ma tambaya. Ya ce asusun makaranta yana da matsala da banki, zuwa Litinin za a gyara. Bayan mako biyu ya karɓi dubu 90 na lasisin aji G, wato na motoci masu jan bodi. Ta ƙarshe dubu 60, wai ta sa sunana a jerin direbobin da wani babban kamfanin siminti zai ɗauka. Ita ce ta wurin yayana. Ku haɗa ku gani, 380,000 cif. Ban ma lissafa dubu biyar-biyar ɗin da aka tatse mu har sau uku da sunan kuɗin dizal ba.

To me aka koya mana a mako shida? Wani yaro da bai kai ni shekaru ba yana tsayawa gaban allo yana karanta mana alamomin hanya daga wayarsa. Sau huɗu aka fita da mu fili, a cikin wata tsohuwar Golf da birkin hannunta ba ya ci, mu biyar a ciki, kowa ya yi zagaye biyu ya sauka. Ni da nake ratsa cunkoson Kantin Kwari da Sabon Gari kullum, ni ake koya wa riƙe sitiyari a Golf. In ka tambayi babbar mota sai a ce tana jiran batir. Gobe a ce malamin tirela ya yi lodi zuwa Legas. Jibi a ce dizal ya hau. Wata rana har mun taru da asuba, ya zo ya ce an yi masa rasuwa a garinsu, muka yi masa gaisuwa, har addu'a muka yi wa mamacin. Allah kaɗai ya san ko akwai mamacin.

Wanda ya fara buɗe mini ido maƙwabcinmu ne, Baba direba, wanda ya tsufa a hanyar Kano zuwa Apapa. Tun farko ya ce in zo ya haɗa ni da wani in bi shi a matsayin yaron mota. Na ƙi, kuma har yanzu ina ganin ina da hujja: da iyali a wuyana ba zan yi shekara biyu ko uku ina wanke mota da kwana a Maraban Jos da Tafa ina jiran ranar da ubangida zai ga dama ya ba ni sitiyari ba. Wata rana da yamma ya ce, "Ɗana, kai da kake makaranta, in ka ɗauko tan talatin ka iso gangaren Hawan Kibo, me za ka yi?" Na ce zan taka birki a hankali. Ya daɗe yana kallona. Ya ce tun kafin ka fara gangara ake komawa ƙaramar giya a bar injin ya riƙe motar, in ka dogara da ƙafa birki zai yi zafi ya daina ci, iska kuma ta ragu. Ya tambaye ni yadda ake haɗa kai da bodi a tabbatar ya kulle, da inda ake juya sitiyari in ana so gindin tirela ya bi dama a ribas. Ko ɗaya ban sani ba. Mako biyar ina zuwa makaranta.

Au, na manta, kafin wannan an riga an ba mu takardar kammalawa. Tun mako na huɗu. Takardar kammala horon motar da ba mu taɓa motsawa ba, kuma na karɓa har na ɗauki hoto da ita. Ita na kai ofishin yin lasisi. Jami'in ya duba a kwamfuta ya ce babu wannan lamba, babu wannan makaranta a cikin waɗanda aka tantance. Ya yi mini bayani cewa makarantar gaske ita ke shigar da sunan ɗalibi a tsarin hukumar, sai ya cika aƙalla awa 26 na horo kafin takarda ta fito, sannan a je gwajin tuƙi wurin jami'an duba motoci na VIO, sannan mutum ya zo da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ba a yi wa mutum lasisi yana zaune a gida. Ya ce lasisin tuƙin haya ma sai mai shekara 26. A ajinmu akwai yaro ɗan shekara 21 da ya biya dubu 90 ɗin nan kamar kowa.

Daga nan na wuce ofishin makarantar. Kwaɗo a ƙofa, an cire allo. Motar kuwa tana nan. Na tambayi bakaniken, ya yi dariya ya ce ta wani Alhaji ce, ta fi wata uku tana jiran kayan giya. Oga dubu biyu yake ba yaron gareji ya ari makulli duk ranar da sabon mutum zai zo. Dubu biyu. Da makullin dubu biyu aka karɓe mini 380,000. Shi ya sa ya ce kada in taɓa komai, motar ko an sa giya ba za ta tafi ba. Ni kuwa a lokacin cewa na yi wannan malami ne mai tsantseni.

Mu 14 ne muka samu juna zuwa yanzu, mun kai ƙara wurin 'yan sanda, shi ya sa ban sa suna ba tukuna. Amma ina da komai: rasit huɗu, hoton alat, saƙonnin murya inda yake ce mini ƙanena, da hoton takardar bogin. In an ba mu izini zan saka su duka a nan, har da sabuwar tallar.

In za ku shiga irin wannan makaranta, ku fara kai sunanta ofishin hukumar kiyaye haɗurra a duba muku. Kada ku tura kuɗi asusun mutum. Kada ku yarda da mota a tsaye, ku ce a tuƙa ta a gabanku, ku ga ɗalibi a kan sitiyari. Wanda ya ce ku biya kuɗin samun aiki, ku tashi.

Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Yayana bai sani ba har yanzu, shekaranjiya ma ya kira yana tambayar yaushe kamfanin zai kira ni. Maiɗakina kuwa ta sani, ba ta ce mini komai ba, kuma duk Juma'a sai ta zuba dubu biyar na adashin da ta riga ta kwasa ta ba ni.