Notin fulin karanshaf ya ƙi kwancewa: wane ƙarfe za ka saya?

Duk mai taɓa motarsa da kansa a gida, ko canjin bel ɗin taimin ne ko sil ɗin gaban inji da ke yoyon mai, wuri ɗaya aikin ke cijewa: babban notin da ke tsakiyar fulin karanshaf, wato faifan da ke bakin sandar inji wanda ke juya bel. Tun daga kamfani an ɗaure shi tam, zafi da tsatsar shekaru sun ƙara kama shi, kuma in ka sa sifana ka murɗa sai injin ya riƙa juyawa yana bin hannunka. Don haka kaya biyu ake nema, na riƙe fuli da na murɗe noti. Wanda ke Ringim ko Gumel ko Rano, da sai ya yi takakkiya zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, gara ya san abin da zai ɗauko tun kafin ya biya kuɗin mota.

Fara da sanin injinka. Corolla mai injin 1ZZ kan notinta lamba 19 ne, ɗaurinsa Nm 138 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa noti). Camry mai silinda shida, injin 1MZ, lamba 22 ne, Nm 215. Tsohuwar Honda Accord mai bel, ta shekarun 1994 zuwa 2002, lamba 19 ce amma ɗaurinta Nm 245, wato ya ninka na notin taya har da ɗoriya, kuma kwance shi bayan shekaru yana cin ƙarfin da ya wuce haka nesa. Masu Golf 3 kuwa su dakata: ƙananan notuna huɗu masu ramin alanki ne ke riƙe da fulin, in bel kawai za a canza su za a cire, na tsakiyar ba ruwanka da shi. Dukkan waɗannan ta hagu ake kwance su kamar kowane noti. Wanda ya ce maka na Honda juyayyen zare ne, bai sani ba.

Abin da ya fi dacewa da mutumin karkara shi ne dogon hannu, wato sandar ƙarfen da ake maƙala wa soket, mai baki inci uku bisa huɗu, da baƙar soket mai kusurwa shida, da mariƙin fuli. Ba ruwansu da wutar lantarki, ba ruwansu da batir, kuma jikanka ma zai gaje su. Lissafin a fili yake: mutum mai kilo 60 in ya sauke nauyinsa a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, ya ba da kusan Nm 590. Hannu mai santimita 60 kuwa wajen 350 zai ba shi, shi ya sa ake zura masa bututun ƙarfe a ƙara tsawo. A nan ne bambancin baki ke fitowa. Mai rabin inci, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana iya Corolla, amma da ka ƙara masa bututu a kan Honda sai ɗan murabba'in bakin ya murɗe ko fil ɗin gwiwar ya tsinke. Mai uku bisa huɗu ya fi tsada da nauyi, amma yana shanye bututu mai mita ɗaya da rabi ko gezau.

Mariƙin ya danganta da mota. Fulin Honda yana da rami mai kusurwa shida, milimita 50, kuma akwai mariƙin da aka yi dominsa, mai huda a tsakiya da soket ke wucewa. Shi ma hannu ake sa masa a tokare da ƙasa, ke nan mai Honda hannu biyu zai tanada. Fulin Toyota kuwa ramuka masu zare gare shi, na noti M8. Wannan ko mai waldan garinku zai haɗa maka: fallen ƙarfe mai kaurin milimita 8, a yi masa baki kamar gwafa, a huda daidai ramukan. Sai dai notunan da za ka ɗaura su zama masu tambarin 8.8 a ka, kuma kada su yi tsawo, don in suka zarce ta baya murfin taimin za su fasa.

Wurin aiki, mafi yawa a gindin darbejiya ake yi a kan rairayi, to a sa katako mai faɗi ƙarƙashin jak da abin tokare mota. A cire tayar gefen fulin da robar da ke bayanta. A soket ɗin a haɗa ƙari, wato ƙarfen da ke ƙara mata tsawo, guda ɗaya mai kauri da zai fito waje da jikin mota, sannan a tallafe ƙarshensa da wani jak ko guntun icce daidai tsayin notin. Wannan tallafin shi mutane ke rainawa, alhali in babu shi ƙarfin ƙasa yake tafiya, soket ta karkace ta cinye kusurwoyin noti. Kada a jera ƙari biyu ko uku, kowanne murɗewa yake yana shan ƙarfin. A danna a hankali da nauyin jiki, ban da tsalle. In ya saki za ka ji ƙara ƙas kamar wani abu ya karye.

Bindigar iska, wato na'urar kwance noti mai aiki da iskar kwamfiresa, tana aiki, amma tana son babban tanki da tiyo mai faɗi. Kwamfiresar mai faci da siririn tiyonta sai dai ta yi ta ƙara notin na kallonta. Bindigar batir ta ainihi kuɗinta ya fi ƙarfin mai gyaran mota ɗaya. 'Yar ƙaramar da ake jonawa a wurin kunna sigari ta notin taya ce, a bar ta can. Sa giya ta biyar wani ya taka birki yana yi a ƙaramar mota mai kuloci, ba ya yi a otomatik, kuma sau da yawa kulocin ne ke sulɓewa. Sifanar sarƙa tana yaga robar da ke tsakanin zoben fuli na ciki da na waje, wutar walda kuma ta ƙone robar da sil ɗin tare. Kurfi da guduma ba ma abin tattaunawa ba ne.

Dabarar buga kik, wato a tokare hannun da ƙasa a ɗan murɗa makulli, kyauta ce shi ya sa ake son ta. Tana yi ne kawai a injin da ke juyawa irin tafiyar agogo, bayan an cire fiyus ɗin famfon mai da wayar kwayil don kada mota ta tashi. Tsofaffin injinan Honda masu silinda huɗu da bel baibai suke juyawa, kik ƙara ɗaure notin zai yi. In kuma ƙarfen ya kuɓuce, lagireto ko ƙafar mutum ce a gabansa.

Sai maganar jabu, wadda ta fi duk abin da ya gabata. Soket ɗin da ke fashewa a ƙarƙashin mutumin da ya sauke nauyinsa a kan bututu, haƙarƙari da haƙora take tafiya da su, kuma ta bar maka noti mai mulmulallen kai da sai an yi masa walda. Araha ba ta ado. Akwai farar soket ta yau da kullum da ake shafa wa baƙin fenti a sayar a matsayin ta bindiga. Karce ta da makulli: fenti yana ɓarewa, baƙin ainihi ba ya tashi. Ta ƙwarai bangonta kauri gare shi, tana da nauyi a tafin hannu, an buga Cr-Mo da lambarta sun nutse cikin ƙarfen, akwai kuma 'yar huda a gindinta. Leƙa cikinta a rana. In kusurwoyin ba su fita tsaf ba, ko ka ga gurɓin yashi irin na ƙarfen zubi, ajiye ta. Tafi da wani noti mai kai lamba 19 a aljihu ka gwada. In yana rawa a ciki, haka zai yi a motarka. Kuma ƙirga kusurwa. Mai goma sha biyu bakin kusurwar noti kawai take kamawa, ba a sayenta sai don notin tsakiya na Golf, wanda shi kansa haka aka yi shi.

Dogon hannun ma ka duba gwiwarsa. Girgiza kan: in yana kaɗawa hagu da dama tun yana sabo, fil ɗin siriri ne. Farin da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa alamar ƙarfen banza ce a ƙasa. Sunan babban kamfani da aka rubuta da tawada, wanda farce ke gogewa, ba shaida ba ne. Irin kayan da ake bazawa a kan leda ranar Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari, cikakken akwati mai ƙyalli da kuɗin soket biyu, na ɗaurin keke da injin ban ruwa ne. Tsohon hannu ɗan Beljiyam mai tabon aiki ya fi sabo mai sheƙi da ba a san asalinsa ba, in dai bai lanƙwashe ba kuma murabba'in bakinsa bai fara murɗewa ba. Bindigogin batir kuwa nan ƙaryar ta fi yawa: za ka ga an rubuta 88V ko 128V a jikin batir, ciki kuwa ƙwayoyi biyar ne da ba su wuce bolt 21 ba. In mai shago ya rantse za ta yi, ka ce, "Alhaji, a gwada ta a notin tayar babbar mota tukuna." Yadda zai amsa ya ishe ka.

In noti ya fita, a shimfiɗa buhu kafin a zare fulin, domin a wasu injinan ɗan makullin ƙarfen da ke ramin karanshaf yana biyo shi, kuma in ya faɗa rairayi an shiga tankaɗe. Wurin mayarwa mariƙin nan dai shi zai sake riƙe fulin, a ɗaure da sifanar awo daidai adadin injin. In an kwance na tsakiyar Golf 3, sabo ake sawa, a kai shi Nm 90 sannan a ƙara rubu'in zagaye, don irin notin da ke miƙewa ne in an ɗaure shi.