Shekara guda da kamfanin kula da ma'aikata: abin da na gani

Shekara guda ke nan da muka damƙa harkar ma'aikatan masana'antarmu ta casar shinkafa a hannun wani kamfani mai zaman kansa a Kano, wanda sana'arsa ita ce ɗaukar ma'aikata, lissafin albashi da tsara takardun aiki. Kafin zuwansu ni da akawu muke yin komai a littafi, kuma a zatona kula da ma'aikata bai wuce biyan albashi a kan kari ba.

Ta fuskar doka da lissafi ban ga abin kushewa ba. Su suka ankarar da ni cewa dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da kama aiki, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Sun buɗe wa ma'aikata asusun fansho bisa dokar 2014, muna zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8, sannan suka shigar da mu tsarin NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, inda muke biyan kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi domin diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Duk wanda ya taɓa ganin inji ya cafke hannun mutum ya san darajar wannan. Albashin leburori ma sun daidaita shi da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Inda suka gaza shi ne sanin mutanen da kansu. Jami'insu sau ɗaya yake leƙowa a wata, kuma takardar koke da ya kawo da Turanci take, alhali yawancin masu dakon buhu ba sa karanta shi. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne lokacin da mahaifiyar wani mai kula da inji ta rasu, ya tafi zaman makoki kwana 3, aka zaftare masa albashi saboda bai cika takardar neman izini ba. Bai yi ƙorafi ba. Sai daga bakin abokan aikinsa na ji, na mayar masa da kuɗinsa, na kuma ba shi haƙuri.

Na sabunta yarjejeniyarmu a kan albashi, fansho da haraji kawai. Sauraron koke, hutun rasuwa da tsarin aiki a watan azumi na mayar da su hannun wani dattijo cikin ma'aikatanmu, wanda ya san gidan kowa.