Shekara biyu da akantar da ta zo mana da tef ɗin awo

A Denba nake aiki, cikin jihar Kolorado ta Amurka, a wani ƙaramin kamfani mai lasisin noma da sayar da tabar wiwi. Kanti ɗaya gare mu, sai sito ɗaya inda ake noman a ƙarƙashin fitilu. Ni ba na tsayawa bakin kanta, ba na kuma shiga wajen shuka. Ofis nake riƙewa, wato rasidai, albashi, ƙirga kuɗi da duk takardar da hukuma za ta nema. Na san wanda ke karanta wannan a Kano ko Damagaram zai riƙe baki, domin a gida wannan haja ta NDLEA ce da gidan yari. A nan kuwa mutanen jihar ne suka kaɗa ƙuri'a a 2012, kantuna suka buɗe ranar 1 ga Janairun 2014. Batun halas da haram na malamai ne, kuma ban ce kowa ya bi sahuna ba. Abin da na zauna in rubuta a kai shi ne akanta, don na ga yadda akanta ya kusa rufe mana kanti, na kuma ga yadda wata ta tsamo mu.

Akantanmu na farko dattijo ne mai kirki. Shi ke yi wa masu gidajen abinci da masu gyaran mota na unguwa lissafin haraji, kuɗinsa kaɗan, fara'arsa da yawa. Sau ɗaya muke ganinsa a shekara. In Fabrairu ta yi sai in kai masa kwali cike da takardu, bayan mako uku ya kira ya ce an gama. Uwar ɗakina, mai kamfanin, tana son sa saboda lambar da yake ba ta kullum mai daɗin ji ce. Ashe lissafin kantin kayan masarufi yake yi mana. Yana cire haya, yana cire albashi, talla, inshora, wutar lantarki, duk abin da kowane ɗan kasuwa ke cirewa kafin a ɗora masa haraji. Haka ya yi mana na 2021 da na 2022.

Matsalar ita ce mu ba kowane ɗan kasuwa ba ne. Jiha ta halatta, amma a wajen gwamnatin tarayya, a shekarun da nake ba da labarinsu, wiwi na cikin rukuni na ɗaya na haramtattun ƙwayoyi, layi ɗaya da hiroyin. A dokar harajin tarayya kuma akwai wani ɗan sashe, 280E, wanda duk mai wannan sana'a ya san lambarsa kamar lambar wayarsa. Asalinsa abin dariya ne. Wani dillalin ƙwayoyi a Miniyapolis, Jeffrey Edmondson, ya je kotun haraji ya nemi a cire masa kuɗin sikeli, kuɗin waya, kuɗin mota da wani kaso na hayar gidansa a matsayin kuɗin gudanar da kasuwanci, kuma a 1981 kotu ta ba shi gaskiya. Majalisa ta fusata, a 1982 ta rubuta cewa duk mai fataucin ƙwayoyin rukuni na ɗaya ko na biyu ba za a cire masa ko sisi na kuɗin gudanarwa ba. Don mai sayarwa a lungu aka yi dokar, amma ta zo ta zauna daram a kan mai lasisi. Abu ɗaya ta bari: kuɗin kayan da kansu, wato kuɗin sari ko kuɗin da aka kashe wajen samar da su.

Ga misali da lambobi masu sauƙi. Kanti ya yi cinikin dala 1,000,000 a shekara. Kayan sun ci 550,000, haya da albashi da sauransu sun ci 380,000. Tsabar ribar da ta rage 70,000 ce. Mai kantin takalma zai biya kashi 21 cikin 100 na 70,000, wato 14,700. Mai kantin wiwi zai biya kashi 21 na 450,000, wato 94,500. Harajin ya fi ribar. Ranar da na fara buga wannan a kalkuleta sai da na sake bugawa sau uku.

Wani maƙwabcinmu a sana'a ne ya farkar da mu, bayan hukumar haraji ta IRS ta buɗe masa bincike. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Farkon 2023 uwar ɗakina ta ce in nemo mata akanta uku mu zauna da su.

Na farko babban kamfani ne mai ofisoshi a jihohi da dama. Sun san aikin, amma daga yadda suka dubi girman cinikinmu na gane za su miƙa mu ga ɗan koyo. Na biyu shi ne ya fi iya baki. Ya ce zai raba mana kamfanin gida uku, a buɗe wani kamfanin "gudanarwa" da zai ɗauki albashi da haya, harajinmu ya faɗi warwas. Uwar ɗakina har ta fara murmushi. Ta uku mace ce, ofishinta mutum biyar ne, kusan duk abokan huldarta masu wannan sana'a ne. Da muka ba ta labarin dabarar mutumin nan, sai ta kawo mana shari'u da sunayensu. Ta ce a 2007 wata ƙungiya mai suna CHAMP a San Faransisko ta yi nasara saboda ban da wiwin da take bayarwa, da gaske tana kula da marasa lafiya, sana'a ce ta biyu mai zaman kanta. A 2012 mai kantin wiwi na Vapor Room, Martin Olive, ya gwada irin wannan hujja ya faɗi, don shayi da wasan motsa jikin da yake bayarwa kyauta ba sana'a ba ne. A 2018 kuma kantin wiwi na Harborside da ke Oakland, duk da girmansa da lauyoyinsa, ya sha kaye, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2021. Sannan ta nemi ganin takardun harajinmu na baya. Minti biyar ba ta yi ba ta ajiye su, ta ce wa uwar ɗakina: "Ana bin ki bashi, kuma ba kaɗan ba. Gara ke ki je ki faɗa kafin su zo su faɗa miki."

Ita muka ɗauka, duk da kuɗinta ya ninka na dattijo fiye da sau uku. Kafin mu sa hannu na duba lasisinta na CPA, wato na ƙwararrun akantoci, a rajistar hukumar akantoci ta jiha, na kuma kira mutum biyu daga cikin waɗanda take yi wa aiki. Tambayar da ta fi min amfani ita ce: ta taɓa tsaya muku gaban IRS, ko kuwa in bincike ya zo sai ta ce ku nemi lauya? Ɗayansu ya ce ta tsaya, kuma abin da aka ƙara masa bai taka kara ya karya ba.

Aikin farko shi ne gyaran takardun shekara biyun nan. Dalilinta: hukuma na da shekara uku, a ƙa'ida, ta waiwayi takarda, kuma in ita ta kama ka akwai tarar kashi 20 cikin 100 a kan abin da ka rage, bayan kuɗin ruwa. In kai ka gyara kafin a tuntuɓe ka, kana iya tsira daga wannan tara. Muka gyara, ta nema mana yarjejeniyar biya wata-wata. Ta kuma nuna mana abin da ban sani ba, cewa Kolorado a nata harajin tana barin mai lasisi ya cire kuɗaɗen da tarayya ta hana. Uwar ɗakina ta yi sati ba ta yi min magana mai daɗi ba, kamar ni na rubuta dokar.

Sai ranar tef ɗin awo. Ta zo sito da safe, ta sa ni riƙe bakin tef, muka auna ɗakin shuka, ɗakin busarwa, ɗakin gyaran ganye, ofis, har da lungun da ma'aikata ke cin abinci. Ni dai ina ganin ɓata lokaci ne. Ta ce ai nan kuɗin suke. Mai sari kawai kuɗin kaya da na dakonsu zai lissafa, amma manomi yana iya shigar da hayar ɗakin shuka, wutar fitilu, ruwa, taki, gwajin dakin bincike da ladan masu aikin gona cikin kuɗin samar da kaya. Sharaɗin shi ne hujja. Don haka kowane taku na sito sai an san na mene ne, kowace awa ta ma'aikaci sai an san inda ya yi ta. Muna da yaro ɗaya da ke yin safiya a gona, yamma a kanti. Awanninsa na safe suna rage mana haraji, na yamma ba sa ragewa. Tun daga ranar ya zama dole ya buga shiga da fita sau biyu, kuma ni ne ɗan sandan da ke bin sa. Ta rushe tsarin asusunmu na manhajar lissafi ta QuickBooks gaba ɗaya ta sake ginawa, gona daban, kanti daban. Wata biyu na yi ina kuskuren inda zan jefa rasidi.

Abin da na fi yaba mata shi ne rufe lissafin wata. Kolorado na bin kowace shuka da kowane ƙunshi da wata manhaja mai suna Metrc, ana maƙala musu alama tun suna tsiro har a sayar. Kowane ƙarshen wata sai lambobi uku sun yi daidai: abin da Metrc ya ce ya fita, abin da na'urar ciniki ta ce an sayar, da abin da na ƙirga a akwatin ƙarfe. Kuma tsabar kuɗi ce mafi yawa, don Visa da Mastercard ba sa yarda da wannan ciniki. A Yulin 2023 ma Mastercard ta umarci bankuna su daina barin a saya da katinta na cirar kuɗi. Manyan bankuna na gudun mu, ƙungiyar ajiya ta haɗin gwiwa ce ke riƙe mana asusu, ita ma da tambayoyi kamar na ranar hisabi. A wata na huɗu akantar ta gano gibin da ke maimaita kansa kowace Asabar, ba babba ba. Ba sata ba ce, rangwamen da ake yi wa kwastoma ne ba a shigarwa daidai, amma a takarda kamanninsu ɗaya da sata. Ita ce kuma ta tsare ni kan fam ɗin rahoto mai lamba 8300: duk wanda ya biya mu tsabar kuɗi sama da dala 10,000, kamar kantin da ke sarin amfanin gonarmu, sai an kai rahoto cikin kwana 15, ko da ya raba biyan gida biyu. Dattijo bai taɓa ambata min wannan fam ba. Ga harajin jiha na kashi 15 a kan sayarwa, ga wani kashi 15 lokacin da kaya suka bar gona, duk ana miƙawa ranar 20 ga wata. Tun da ta karɓe mu ba mu makara ba ko sau ɗaya.

Bari in ratse kaɗan saboda 'yan'uwa baƙi. Tana duba takardun albashi ta tambaye ni ko ni ɗan ƙasa ne ko mai katin zama. Na ce na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa tun kafin in karɓi aikin. Ta ce madalla, domin a Afrilun 2019 hukumar shige da fice ta fitar da sanarwa cewa aiki a wannan sana'a, ko a jihar da ta halatta, na iya hana mutum zama ɗan ƙasa. A Denba ɗin nan an hana wasu, har magajin garin lokacin, Michael Hancock, ya rubuta wa ministan shari'a wasiƙa. Ta ce ita ba lauya ba ce, amma duk baƙon da za mu ɗauka in tura shi wajen lauyan shige da fice tukuna. Mai katin zama da ke karanta wannan, ko shara aka ce ka zo ka yi a irin wannan wuri, ka fara tambaya.

Mun yi saɓani da ita sau ɗaya mai zafi. A 2023 da 2024 labari ya bazu cewa za a sauko da wiwi zuwa rukuni na uku, abin da zai fitar da mu daga 280E. Ma'aikatar lafiya ta ba da shawarar a Agustan 2023, ma'aikatar shari'a ta fitar da daftari a Mayun 2024. Manyan kamfanoni irin Trulieve na Filorida suka nemi a mayar musu da harajin baya, har aka ji sun karɓi sama da dala miliyan 100. Kasuwa kuma ta faɗi: cinikin jihar da ya kai kusan dala biliyan 2.2 a 2021 ya yi ƙasa sosai, farashi ya karye. Uwar ɗakina ta ce mu ma mu nema. Akanta ta ce ba za ta sa hannu ba. Ta ce waɗancan suna da lauyoyi da kuɗin ajiya in aka ce su dawo da shi, mu kuma ko kotun fatarar kuɗi ta tarayya ba ta karɓar irinmu. Ni a raina na goyi bayan uwar ɗakina. A Yunin 2024 IRS ta sanar cewa 280E na nan daram kuma masu neman mayarwa ba su da haƙƙi. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ai na faɗa ba.

Laifuffukanta suna nan. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa 15 ga Afrilu, saƙo kan yi kwana huɗu, biyar ba amsa. Wayar da ta wuce minti goma sha biyar kan fito a takardar biya, har na koyi tara tambayoyina in yi su a zama ɗaya. Ma'aikatanta sun canza sau biyu, kowane sabo sai na sake yi masa bayanin yaron nan mai aiki biyu. Rahoton watanta shafi goma sha wani abu ne, cike da kalmomin akantoci, alhali uwar ɗakina abu biyu kawai take son sani: nawa za mu ajiye don haraji, nawa za mu iya taɓawa. Sai da na roƙa sau uku kafin aka fara sa waɗannan lambobi biyu a shafin farko. Kuma tsantseninta wani lokaci ya yi yawa. Akwai albashin mai gadin sito da nake ganin ya cancanci shiga kuɗin samar da kaya gaba ɗaya, ita rabi kawai ta yarda.

Wanda kantinsa na man CBD ne, wato man da ba ya sa maye, daga irin shukar da dokar noma ta 2018 ta fitar daga haramci, wadda sinadarin THC ɗinta, mai sa maye, bai wuce kashi 0.3 ba, ban ga dalilin da zai biya irin wannan kuɗi ba, akantan unguwa mai lura zai ishe shi. Mai lasisin noma ko kanti kuwa, zan tura shi wajenta ko wajen irinta.

A Afrilun 2025 muka miƙa takardun 2024, muka kuma biya kason ƙarshe na tsohon bashin nan. Mun sabunta yarjejeniya da ita na wata shekara, da sharaɗi ɗaya da na dage aka rubuta: amsar saƙo cikin kwana biyu, ko a tsakiyar Maris ne. Ta yarda, ta ƙara dala ɗari a kuɗin wata.