Awa nawa ya kamata ka bari tsakanin jirgi da jirgi?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce Baffana ya kira ni shagonsa a Kasuwar Sheikh Gumi, ya miƙo mini waya. Ejan ne ya turo masa tsarin tafiya iri uku zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, duka daga Abuja. Na farko za a yada zango na awa ɗaya da minti goma, na biyu awa huɗu da ɗoriya, na uku kuma, wanda ya fi duka arha, tikiti biyu ne na kamfanoni daban-daban da ejan ɗin ya haɗa da kansa, da tazarar awa biyu da rabi.

"Kai da ka yi boko duba mini," in ji Baffa. "Ni dai na farkon ya fi kwanta mini, ba zaman banza a filin jirgi."

Na ce, "Baffa, ku bari mu ƙirga mintin nan tukuna."

Awa ɗaya da minti goma a takarda ne kawai. Idan jirgi ya tsaya, wanda ke kujerar baya sai ya yi minti 15 ko fiye kafin ƙafarsa ta taka waje. A filin jirgin Bole na Addis Ababa sau da yawa jirgi kan tsaya nesa da gini, sai an kwaso mutane a bas. Daga nan a sake bin layin bincike: cire bel, cire agogo, fito da kwamfuta daga jaka. Can gaba kuma ana rufe ƙofar shiga jirgi minti 15 zuwa 20 kafin lokacin tashi. Me ya rage? Da ƙyar rabin awa, shi ma idan jirgin Abuja ya tashi a kan kari. Sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a 2019, girmansa ya kai mutum ya yi tafiyar minti 20 daga wata ƙofa zuwa wata. A Doha har ɗan jirgin ƙasa aka sa a cikin ginin saboda nisa.

Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin da aka yarda da shi na canjin jirgi, kuma kamfani ba zai sayar maka da tikiti ɗaya da ya gaza wannan ba. Sai dai da ƙaƙƙarfan mutum aka yi lissafin, wanda ya san hanya kuma yana karanta allo. Ba a yi shi da dattijo mai ciwon gwiwa ba, ko Hajiya mai goyo da yara biyu. Ko kai ka yi gudu ka samu jirgi, akwatinka ba ya gudu. Ƙila sai washegari ya biyo ka.

Duk da haka tsarin farkon ya fi na ukun aminci nesa ba kusa ba, kuma a nan ne mutanenmu suka fi cutuwa. Idan tafiyarka duka a tikiti ɗaya take, da lambar rajista ɗaya, to in jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a jirgi na gaba ba tare da ka ƙara ko sisi ba. Kayanka ma tun daga Abuja ake manna musu takardar zangon ƙarshe. Idan kuwa tikiti biyu ne, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. A wurinsa ba ka zo ba ne kawai, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni wanda bai hau jirgin zuwa ba, na dawowarsa ma ya faɗi. Ga kuma kaya: galibi sai ka fita ka karɓe su ka sake kai su awo, fitar nan kuwa sai ka bi ta teburin shige da fice, wato sai da bizar ƙasar. Araha ba ta ado.

Na san zafin abin don ya taɓa cina. Wata shekara cikin Janairu na sayi tikitin safe daga Kaduna zuwa Legas, jirgina na waje kuma da dare, ina ganin na bar lokaci har ya yi yawa. Ashe hazo na jirana. Muka zauna tun hantsi muna kallon titin jirgi ya yi fari fat, bishiyar da ke gefe ma ba a gani, ana ta ba mu haƙuri ta lasifika. Sai bayan la'asar jirgi ya iya sauka. A Legas kuma ɓangaren jiragen cikin gida daban yake da na ƙasashen waje, sai ka ɗauki kaya ka hau mota. Na isa ina haki, ma'aikaciyar ta nuna mini agogo: an rufe awo, don awa ɗaya kafin tashi ake rufewa. Kuɗin da na biya aka sauya mini rana ya haura abin da nake murnar na rage.

Tun daga ranar na gane cewa mu 'yan Kaduna canjin jirginmu na farko ba a Doha ko Alƙahira yake ba, a nan gida yake. In ban da makonni shida na 2017 da aka rufe titin jirgin Abuja aka karkato jirage zuwa nan, da ɗan abin da ya biyo baya, yawancinmu sai mun je Abuja ko Kano muke tashi. Jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa tashar Idu ta Abuja yana cin sama da awa biyu, kuma ba shi da wata yarjejeniya da jirgin sama. Ni yanzu in jirgina na rana ne, a Abuja nake kwana. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ko tunanin haɗa jirgin cikin gida da na waje a rana ɗaya ba na yi.

Sai maganar koren fasfo. Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar ratse ko da ba zai fita daga filin jirgi ba a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, irin su Jamus da Faransa, haka ma a Ingila, sai fa in yana riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa, kamar ta Amurka ko Kanada mai rai. In kuwa tsarin ya ce za ka sauka a biranen Shengen biyu, misali Faris sannan Frankfurt, to shiga yankin ke nan, sai cikakkiyar biza. A Landan ka duba da kyau kada ka sauka filin jirgin Heathrow a ce tashinka daga wani filin ne, na Gatwick. Amurka tata daban ce: a garin da ka fara sauka za ka bi layin shige da fice, kuma a mafi yawan filaye ka karɓi akwatinka, ka wuce kwastam, ka sake miƙa shi. Wanda zai bi ta nan kada ya yarda da ƙasa da awa uku. Ni huɗu nake bari.

Dogon zango fa? Awa 8 ko 10 a kan kujerar ƙarfe ba daɗi, amma ba kullum ne asara ba. Ethiopian Airlines kan ba da masauki ga wanda jiransa ya kai awa 8 zuwa 24 idan babu jirgin da ya fi kusa, wasu kamfanonin ma suna da irin wannan da nasu sharuɗɗan. A tambaya kafin a biya, ba bayan an sauka ba. Ga masu umara da tsofaffi na fi son awa uku zuwa biyar: a yi alwala a natse, a yi salla a masallacin filin, a sha shayi. In akwai mai wahalar tafiya, a sa ejan ya nemi keken turawa tun wajen yankan tikiti. Kyauta ne, mai turawar kuma ya san gajeriyar hanya.

A kuma lura, lokutan da ke kan tikiti na agogon garin da ake magana ne. Addis Ababa, Doha, Istanbul da Jidda duk sun riga mu da awa biyu, Dubai da awa uku. Wayar da ba ta sauya agogo ba ta sha sa mutum barci a gaban ƙofar da aka riga aka rufe.

Baffa ya gama saurarona, ya karɓi wayarsa ya kira ejan. "Malam, na awa huɗun nan za ka yankar mini. Kuma ka tabbata lamba ɗaya ce, har kayana su sauka Guangzhou." Da ya kashe wayar ya dube ni ya ce saura in nemo masa tikitin Rigasa na ranar Talata, tunda tashin Laraba ne.